Yadda Ottmar Ya Warkar da Lambuna Sittin da Biyu

Magabata sun ce ba a sanin halin mutane sai an cinye buhun gishiri tare da su. Ottmar Pahlke ya san mutanen Japan ciki da bai a kwana tara, biyu daga ciki a jirgin sama.

Ba son ilimi ne ya kai shi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gwada masu neman lasin tuƙi a nan Düsseldorf, yana kayar da su cikin nishaɗi, kuma da ya yi ritaya sai ya rasa wanda zai kayar in ban da matarsa Renate. Ya gyara mata jeren cokula, ya gyara mata ninkin tawul. Ranar da ya fara gyara mata numfashi, sai ta sayo masa tikitin yawon buɗe ido na 'yan fansho, ta raka shi filin jirgi da ƙafarta don ta tabbatar ya tashi.

Ya dawo a ƙarshen Afrilu da takalmin katako, da doguwar riga mai ɗamara wadda daga baya muka gano ta wanka ce ta otal, da kuma wata sabuwar murya mai sanyi irin ta masu zuwa ta'aziyya.

Ni maƙwabcinsa ne a lambu. Ƙungiyarmu tana da lambuna sittin da biyu a bayan layin dogo, kowanne da shingensa da ɗan ɗakinsa na katako, kuma ni ne sakatare, domin na koyar da Latin shekara da shekaru, an ɗauka babu sauran abin da zai gundure ni. Nawa lamba goma sha uku, nasu goma sha huɗu. Na ce nasu, amma kowa ya san na Renate ne. Mahaifinta ya fara nomansa, shi ya dasa itacen tuffan da ke bakin ƙofa, kuma tun tana 'yar shekara shida take tonon dankali a wurin. Dokar ƙungiya kuwa ba ta da kwana-kwana: kashi ɗaya cikin uku na kowane lambu dole ya zama abin ci. Gargaɗi ɗaya ake yi. A na biyu sai ka miƙa makulli.

"Lothar," ya ce da ni ta kan shinge, ido a lumshe, "kana ɗauke da ciwo."

"Gwiwa ce. Ta hagu."

"A zuci nake nufi. Dukanku nan ciwo kuke ɗauke da shi, kuna binne shi da kabeji."

"To, ai kabejin yana yi."

Bai ji ni ba. Ya ce a Kyoto ya zauna gaban wani lambu wanda babu komai a cikinsa sai farar tsakuwa da duwatsu, kuma cikin minti goma sha biyu, kafin direban bas ya yi musu oda, duk baƙin cikin rayuwarsa ya kwaranye. Irinsa zai yi a nan. Har ya raɗa masa suna, Lambun Warkar da Zuciya, kuma duk Asabar zai riƙa karɓar marasa lafiya, wato mu.

"Renate ta sani?"

"Renate za ta Bremen wurin ƙanwarta, mako uku."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Komai da lokacinsa."

"To ga Michiyo nan kusa da kai, me zai hana ka tambaye ta yadda ake yi?"

Michiyo Lindner ce mai lamba goma sha biyar. A Kochi ta ƙasar Japan aka haife ta, ta zo Jamus shekara talatin da takwas da suka wuce, ta yi aiki a kantin magani har ta yi ritaya. Kabejinta ne ke cin gasa kusan kowace shekara, kuma tana da 'yan dodannin yumɓu bakwai masu jajayen huluna, kowanne da sunansa.

"Michiyo ta daɗe da barin gida, ta manta," in ji Ottmar. "Dubi dodannin nan fa! Ni kuwa da ɗumi-ɗumina na dawo. Kuma abin nan da girmamawa ake yin sa. Ba za ka je ka ɗora wa baiwar Allah nauyin tambaya ba."

Girmamawar ita ce duk safiya in ya hango ta sai ya sunkuya har hularsa ta faɗi.

"Ottmar, me ya ɓata? In taya ka nema?"

"Gaisuwa ce, Sensei."

"Malami ko likita ake ce wa haka. Ni maganin tari na sayar."

"Tawali'u," ya raɗa mini. "Haka suke."

Renate tana hawa jirgin ƙasa, shi yana tuge dankalinta. Ya tuge albasa, ya tuge wake, ya sa aka juye masa tsakuwa tan huɗu a ƙofar ƙungiya, ya yi kwana shida yana jigilarta da baro cikin takalmin katako, wanda ya kayar da shi sau uku. Ya kafa duwatsu uku a tsakiya, ya ja layuka da manjagara kewaye da su. Ta ɓangaren Michiyo kuma ya kafa zana, don kada dodanni su ɓata wa marasa lafiya tunani.

Asabar ta farko mu takwas muka je, bakwai don gulma, ɗaya don ya ji an ce za a ba da shayi. Ottmar ya ce mu cire takalma, mu durƙusa mu zauna a kan dugaduganmu, mu dubi duwatsun nan uku, mu bar baƙin ciki ya fita da kansa. Mafi ƙuruciya a cikinmu shekarunsa sittin da huɗu.

Muka zuba wa duwatsun ido. Can sai wani ya ce, "Abokin lambu Pahlke, ni fa huɗu nake gani."

Gaskiyarsa. Daga gefen hagu akwai wani ɗan ƙaramin dutse baƙi, an ɗan tura masa tsakuwa a kai, an ɓata layukan da ke kusa da shi. Ottmar ya dube shi, fuskarsa ko gezau.

"Madalla, idonka ya fara buɗewa. Wannan shi ne dutsen ƙanƙan da kai. Ba kowa ke ganin sa ba."

"Amma kowa na jin warinsa," in ji muryar Michiyo daga bayan zana. "Kashin jar kyanwar nan ta masu gadin layin dogo ne. Tun asuba take ta godiya."

Aka fashe da dariya, aka yunƙura za a tashi, sai aka tarar ba mai ƙafa. Mutum takwas, ƙafa goma sha shida, duk sun mutu. Sai da Michiyo ta zagayo ta ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan taki, tana cewa ita kanta rabonta da irin wannan zama tun jana'izar kakarta, kuma ko a ranar sai da aka kawo wa tsofaffi kujeru. Labari ya bazu a cikin maguna kafin ya bazu a cikin mutane. Kafin mako ya zagayo, duwatsun ƙanƙan da kai sun fi goma.

Renate ta dawo, ta tsaya a ƙarƙashin itacen tuffa da jakarta a hannu.

"Ina dankalina?"

"Ya koma inda komai ke komawa, masoyiya."

Ta daɗe tana kallon tsakuwar. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ottmar, in lambun babana ya fita daga hannuna, kai ma ka tattara takalman katakonka ka koma inda komai ke komawa."

Don maganin maguna ya harhaɗa wata na'ura da ya gani a Kyoto: gora a kan ƙarfe, ruwa na ɗiga a cikinta, in ta cika sai ta tuntsura ta zubar, gindinta ya dawo ya bugi dutse. Ƙwal! Duk daƙiƙa arba'in. Magunan suka yi kwana ɗaya suna tsoronta, a na biyu suka gane wurin shan ruwa aka ƙara musu.

Mu kuwa a nan, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana ba a yankan ciyawa, ba a buga ƙusa, ba a dariya mai ƙarfi. Mutum zai iya sakin matarsa a cikin waɗannan awoyi, in dai a hankali zai yi. Ƙarfe ɗaya da minti ɗaya Gudrun Maschke, shugabar ƙungiya, ta iso da kundin dokoki a hammata da tef ɗin awo a wuya. Tsohuwar jami'ar kwastan ce, murya ɗaya gare ta, da ita take taya murna, da ita take yin ta'aziyya.

"Abokin lambu Pahlke, mene ne wannan ƙarar?"

"Ba ƙara ba ce, Shugaba. Ita ce ke sa a ji shirun da ke tsakani."

Ƙwal!

"Shirun naka har lamba talatin da ɗaya ake jin sa."

"A Japan…"

"A Japan ƙarfe takwas na dare ne yanzu, su buga abin da suka ga dama." Ta warware tef, ta auna lambun tsaye da kwance. "Ina abin ci?"

"Abincin ruhi ne duka."

"Ruhi ba ya cikin kundi. Tuffa ɗaya, mita huɗu. Saura mita casa'in da shida. Wannan gargaɗi na farko ke nan. Lothar, rubuta."

Na rubuta. Renate ta shiga ɗakin katako ta rufe ƙofa a hankali, domin ƙarfe uku bai yi ba tukuna.

Da wani ne, da sai ya sayo irin karas. Ottmar ya ce karas ba shi da zurfi. Kwana biyu bayan haka, yana yawo a bakin kogi yana shaƙar iska yadda aka koya masa, sai ya ci karo da wani tsiro mai kara kamar gora, mai faɗin ganye, ya yi kurmi guda. Ya ɗauki hotonsa, waya ta gaya masa abu biyu kafin ya kashe ta don murna: asalinsa daga Japan yake, kuma a can ana cin tohonsa. Na Japan, na ci, kuma kyauta. Ya dawo da shebur.

A bayan ɗakin katako ya dasa shi, jikin zana, ya ce sashen sirri ne, sai wanda zuciyarsa ta nuna zai gani. Ya gaya wa Renate kayan miyan Japan ne, ta ce in dai Gudrun za ta auna, ko guba ce ya shuka. Ni ya nuna mini sau ɗaya, na ce gorar ta yi kyau. Latin na koyar. Na san sunan abubuwa da yawa da ban san kamanninsu ba.

Tsiron ya kama, kamawa ba ta wasa ba. Amma doka ta ce kada abin da ke kan iyaka ya wuce tsayin shinge, kuma Ottmar, duk da wayewarsa, Bajamushe ne. Duk Juma'a sai ya datse shi, ya rage saiwar da ta yi yawa, ya daddatsa ƙanana-ƙanana yadda kundi ya tanada, ya tura a baro zuwa juji na ƙungiya inda muke haɗa takin gargajiya. Takin nan shi ne abin alfaharinmu. Duk watan Maris ake rabonsa, kowane lambu baro biyar, kuma har faɗa ake yi a kan layi.

A tsakiyar Afrilun da ya biyo baya, wasu jajayen tsirrai masu kaifin kai suka fara leƙowa a cikin kunyoyin latas ɗina. Na tuge su da safe, da yamma suka dawo da 'yan uwansu. Haka a lamba bakwai, haka a lamba hamsin. A lambun Gudrun ɗaya ya fasa tsakanin duwatsun daɓe ya fito a ƙofar ɗakinta kamar mai kawo sammaci.

Ranar Lahadi aka yi babban taron shekara a zauren ƙungiya, da kofi da kek. Gudrun ta miƙe, ta ɗaga kwalba da jan tsiro ɗaya a ciki.

"Abokan lambu, wannan ya fito a lambuna sittin da biyu cikin sittin da biyu. Ban taɓa ganin irin haka ba. Ina so in san wanda ya kawo mana shi."

Da muryar nan tata guda ɗaya ta faɗa. Ottmar ya ji ta da kunnen wanda shekara guda yake jiran yabo. Renate ta kama gefen rigarsa, ya zame, ya miƙe, ya sunkuya gabas da yamma.

"Ban so a sani ba, domin a Japan mai kyauta ba ya tallan kansa. Amma tunda an matsa, ni ne."

"Kai ne," in ji Gudrun. "Ta yaya?"

Ya yi bayani. Ya faɗi inda ya haƙo shi, da ranar, da yadda ya daddatsa saiwar, da baro nawa ya kai juji: ashirin da shida, yana da su a rubuce. Ya ce ya lura ba kowa ke zuwa zaman Asabar ba, to ga shi warakar da kanta ta bi kowa har lambunsa. Daga nan ya buɗe wata roba, ya ce ya dafa tohon farko, kowa ya ɗanɗana.

"Lothar, ka samu duka?"

"Har da ashirin da shidan, Shugaba."

Michiyo ta karɓi robar, ta shinshina, ta ajiye. Ana gobe taron ta dawo daga wurin 'yarta a Hamburg, inda ta yi wata biyu, ta tarar abin ya tuntsurar mata da dodanni biyu.

"Itadori ne," ta ce. "Ku kuna ce masa ciyawar Japan. Wadda hukuma ke kashe kuɗi duk shekara tana yaƙi da ita a bakin kogi."

Zauren ya yi tsit, irin shirun da Ottmar ya shekara yana nema bai samu ba. Wani ya ajiye cokali.

"Amma ana ci a Japan!" in ji shi. "Sensei, gaya musu!"

"Ana ci. Kakata takan hau dutse sau ɗaya a shekara ta tsinko cikin hannu. Ba ta taɓa kawo shi gida ta dasa ba, don tana da hankali."

"To me ya sa bai cinye Japan ɗin ba?"

"A can akwai ƙwarin da ke cin sa. A nan kai kaɗai ne." Ta tura masa robar. "Kuma ba a jiƙa ba, tsami zai kashe ka. Da ka leƙo ta kan zanar nan ka tambaye ni, Ottmar. Taku huɗu ne."

"Ban so in ɗora miki nauyi ba."

"Ai ga shi ka ɗora wa kabejina."

Sai zauren ya ɓarke. Mai lamba bakwai yana tambaya ko gaskiya ne guntun saiwa kamar farce ya isa ya tayar da sabon kurmi, aka ce masa gaskiya ne. Wata tana kuka a kan strobarinta, wani yana neman a ba shi Ottmar minti biyar a bayan juji.  Renate ta ciro makullin lambu daga jaka, ta ajiye a gabanta, tana kallonsa.

Ottmar ya ɗaga hannu, ya tattaro ragowar muryar ta'aziyyarsa.

"Abokan lambu, a Japan idan babban mutum ya yi kuskure, yakan sunkuya ya ajiye muƙaminsa. Ni ma na ɗauki laifin. Na sauka. Daga yau ba za ku sake ganina a lambunan nan ba."

Ya sunkuya, ya nufi ƙofa da ɗan sauri.

"Tsaya," in ji Michiyo. "Ka tsallake rabi. A makarantar da na yi, wanda ya zubar shi ke gogewa, sannan ya yi sunkuyon."

"Rufe ƙofar nan," in ji Gudrun.

Ta buɗe kundi, ta karanta mana sashen da ya ce ba a karɓar lambu daga hannun kowa sai ya mayar da shi yadda ya same shi. Ta ce a iya saninta babu mahalukin da zai karɓi lamba goma sha huɗu a halin da yake ciki, ko da an haɗa masa da mota. Saboda haka ta kawo shawara: makulli ya zauna a hannun Renate, gargaɗi na biyu a jingine shi, shi kuma abokin lambu Pahlke ya haƙe ciyawar nan da hannunsa, lambu bayan lambu, ya tankaɗe ƙasar, ya ƙare da nasa. Aka ɗaga hannu. Sittin da ɗaya suka amince. Renate ta mayar da makulli cikin jaka, sannan ta ɗaga nata, ya zama sittin da biyu.

"Har zuwa yaushe?" in ji Ottmar, da tsohuwar muryarsa.

"Komai da dokarsa," in ji Gudrun. "Ka fara da ƙofar ɗakina."

Shekara ta uku ke nan. Yana zuwa ƙarfe bakwai na safe da takalmin roba, ya haƙa, ya tankaɗe, ya tsince saiwa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a baƙar leda. Ba ya magana da kowa, don in ya ɗauke ido guntu ɗaya ya wuce, aikin wata guda ya tashi a banza. Ya rage kilo goma sha ɗaya. Likitansa ya ce hawan jininsa ya sauka, ya tambaye shi sirrin, Ottmar ya ƙi faɗa. Renate ta mayar da dankalinta a cikin manyan bokitai, ta ce rabonta da kwanciyar hankali irin wannan tun kafin aurenta. Michiyo kan miƙa masa shayi ƙarfe goma, ya karɓa ya ce na gode da Jamusanci.

Jiya na leƙa ramin da yake ciki a lamba goma sha tara, na tambaye shi ko zuciyar ta warke. Bai ɗago ba, ya ce in matsa, ina tare masa haske.

Saiwar ciyawar nan takan nitse mita uku a ƙasa. Ramin Ottmar ya kai ɗaya da rabi.